Ku Tambaya Mu Amsa: Sun ɗauki tsohuwar waƙa mai sanyi sun cika ta da ƙarar jita, sata ce ko gwaninta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, dan Allah ina da tambaya. Ni dai ta gidan kallon ƙwallo na san The White Stripes, wannan kiɗan da 'yan kallo ke rerawa in an jefa ƙwallo a raga wato Seven Nation Army, shi ne na bi sawu a YouTube har na faɗa kan wata waƙarsu mai suna I Just Don't Know What to Do with Myself kuma wallahi ta shiga raina, sai ga wani abokina yace wai ba tasu ba ce ta wata baturiya ce tun zamanin da, na nemo ta baturiyar naji ashe haka ne, ita tata a natse da goge da komai su kuma ihu da ƙara. Yanzu raina ya ɗan ɓaci. Wannan ba sata ba ce? Kuma me zai sa mutum ya ɗauki waƙa mai sanyi ya hargitsa ta haka?
Daga wani ɗalibi a Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Abokinka ya faɗi gaskiya amma fa shi ma bai kai zancen ƙarshe ba, don ita baturiyar, Dusty Springfield, ba ita ta rubuta waƙar ba kuma ba ita ta fara rera ta ba. Mutum biyu ne suka haɗa ta a Amurka, Burt Bacharach ya tsara kiɗan, Hal David ya rubuta baitocin, su sana'arsu kenan a lokacin, su zauna a New York su haɗa waƙa su miƙa wa mawaƙa kamar yadda tela ke ɗinki wani ya saka. Wanda aka fara fitar da tasa shi ne Tommy Hunt a 1962, ba ta yi wani tashe ba. Sai a 1964 Dusty ta rera ta a Landan ta kai matsayi na 3 a jadawalin waƙoƙin Birtaniya, bayan shekara biyu Dionne Warwick ita ma ta yi tata. Ka ga kenan waƙar tun asali daga hannu zuwa hannu take yawo, haka aka yi ta don a yi da ita.

Sata ita ce ka ɗauki waƙar mutum ka goge sunansa ka sa naka, ko ka ci kuɗinta ka hana shi. Su kuwa in ka duba faifansu Elephant da ya fito a 2003, sunan Bacharach da David ne a gaban waƙar, kuma kason marubuta can yake tafiya. Dukansu biyu suna da rai a lokacin, David sai 2012 ya rasu, Bacharach kuma 2023. Dusty ce dai ta riga mu gidan gaskiya tun 1999. To ka kwantar da hankalinka ta wannan ɓangaren.

Maganar hargitsawa ita ce nake so mu daɗe a kai don a nan daɗin abin yake. The White Stripes mutum biyu ne kacal, Jack White da jita da murya, Meg White da ganguna, daga birnin Detroit, sun fara a 1997 suka watse a 2011. Ko mai jitar bes ba su da shi, wannan kiɗan mai kauri da kake ji a farkon Seven Nation Army jita ce ta yau da kullum aka bi da ita ta wata 'yar na'ura da ake takawa da ƙafa tana saukar da sautin. Mafi yawan Elephant a wani ɗan situdiyo a Landan mai suna Toe Rag suka ɗauke shi da tsofaffin injina da tef mai layi 8, har suka rubuta a jikin faifan cewa ba a yi amfani da kwamfuta ba, ita kuma wannan waƙar taka a situdiyon BBC na Maida Vale aka ɗauke ta. To ka duba, waƙar da aka gina wa goge da ƙaho da fiyano da 'yan amshi, ta faɗo hannun mutum biyu, dole su zubar da kusan komai, abin da zai rage karin waƙar ne da kalmominta kawai. In waƙa kwalliya ce ke riƙe da ita a nan take mutuwa. Wannan kuwa ta tsaya da ƙafarta, kuma ni a wajena wannan shaida ce babba ga Bacharach, ta fi duk wani yabo da za a yi masa da baki.

Sai ka saurari abin da waƙar ke cewa. Mutum ne aka rabu da shi, ya saba komai tare ake yi, duk shirin da zai yi na mutum biyu ne, yanzu ga lokaci nan jibge a gabansa ya rasa yadda zai yi da kansa, ya je kallo ba daɗi ya je biki ba daɗi. Dusty ta rera ta a matsayin macen da ke kuka amma ta riƙe mutuncinta, muryar na rawa amma ba ta bari ta karye ba, goge na ɗaga ta sama a hankali. Jack shi ma ƙasa-ƙasa ya fara, kamar mai magana shi kaɗai a ɗaki, sai da aka zo tsakiya inda ake nuna tsananin buƙatar wanda ya tafi sannan jitar ta ɓarke Meg ta sauke hannu a kan ganguna shi kuma muryarsa ta tsage. Duk wanda ya taɓa shiga wannan halin ya san akwai daren da zaka yi shiru hawaye na zuba, akwai kuma daren da zuciya ke tafasa ka kasa zama ka kasa tsayuwa, kuma duka biyun suna cikin baitocin Hal David tun 1962, kowa dai ya tono wanda ya ji a jikinsa.

In iya waƙa ake magana, Dusty ta yi wa Jack nisa ba kaɗan ba, wannan ba abin musu ba ne. Kuma ba kowace irin wannan maimaicin nake so ba, akwai ƙungiyoyi da yawa da ke ɗaukar tsohuwar waƙa su ƙara mata gudu da ƙara don kawai su yi mata dariya, su nuna wai su 'yan zamani ne waccan ta tsofaffi ce, wannan kam yana ɓata min rai ƙwarai. Kunne yana ganewa in mai waƙar bai yarda da kalmomin da ke fita daga bakinsa ba. Jack ya yarda da su. Ka nemo yadda suka rera Jolene ta Dolly Parton, waƙar 1973 ce ta mace tana roƙon wata macen kar ta ƙwace mata mijinta (ko saurayinta), Jack bai juya ta ta koma ta namiji ba, haka ya rera ta yana roƙo tsakaninsa da Allah. A 2007 suka sake ɗauko Conquest wadda Patti Page ta yi a 1952, kuma shi ne ya yi wa dattijuwa Loretta Lynn furodusan faifanta Van Lear Rose a 2004. Mutumin da ya raina na gaba da shi ba zai yi wannan ba. Ka ajiye duka biyun a wayarka ƙanena.

TAMBAYA: Salam Yaya, ni ina jin ana cewa kiɗan gareji kiɗan gareji, shin makanikai ne ke yin sa ko yaya abin yake?
Daga wata 'yar'uwa a Maraɗi

AMSA: A'a 'yar'uwa, ɗakin ajiye mota ne na cikin gida ake nufi, irin wanda gidajen Amurka ke da shi, nan samari ke shigewa da jita da ganguna da 'yar amfilifaya mai arha su yi ta gwaji tunda ba su da kuɗin kama situdiyo. Abin ya fara tun ƙarshen shekarun 1950 amma ya fashe ne bayan Fabrairun 1964 da The Beatles suka fito a shirin talabijin na Ed Sullivan mutum kusan miliyan 73 suka kalla, daga nan kowace unguwa sai ka ga yara huɗu ko biyar sun haɗa ƙungiya. Yawancinsu faifai ɗaya ko biyu suka yi suka ɓace, wasu aka ɗebe su yaƙin Biyetnam, wasu suka koma makaranta ko aiki. Kaɗan sun yi suna, irin su The Sonics daga Tacoma da The Seeds daga Los Angeles. A 1972 Lenny Kaye ya tattara irin waɗannan waƙoƙi a faifan Nuggets, wanda 'yan baya suka yi ta koyo daga gare shi, sannan a farkon shekarun 2000 salon ya dawo da ƙarfi da The White Stripes da The Strokes na New York da The Hives daga Suwidin.

Dalilin da ya sa suke yawan maimaita waƙoƙin wasu a fili yake, yaro ɗan shekara 17 da aka gayyata ya yi wasa a bikin makaranta ba shi da waƙarsa ko ɗaya, kuma jama'a abin da suka sani suke son takawa, to sai ya kwaikwayi ta rediyo iya yadda hannunsa ya iya, inda ya kasa kuma ya cike da ƙarfi, a haka sautin ya samo asali. Tunda kina Nijar, in kina son jin jita mai irin wannan zafin ba sai kin je nesa ba. Mdou Moctar, makaɗin jita ɗan Nijar, a Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko a 2008, waƙoƙin suka bazu ta katin waya, daga baya kamfanin Jack White ɗin nan, Third Man Records, ya fitar da wani wasansa na kai tsaye. Bombino na Agadez kuma Dan Auerbach na ƙungiyar The Black Keys ta Amurka ne ya yi masa furodusan Nomad a 2013.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Tun ina koyarwa na taɓa jin cewa hukumar FBI ta Amurka ta binciki wata waƙa da wasu yara suka maimaita, na ɗauka zancen shaci-faɗi ne. Da gaske an yi?
Daga wani tsohon malamin makaranta a Kaduna

AMSA: Ranka ya daɗe Baba, an yi wallahi. Waƙar ita ce Louie Louie. Richard Berry, wani mawaƙi baƙar fata da ya tashi a Los Angeles, shi ya rubuta ta, ta fito a 1957 a bayan faifai ma, ba ita ce ta gaba ba. Labarin wani matuƙin jirgin ruwa ne ɗan Jamaika yana gaya wa wani Louie cewa zai tsallaka teku ya koma wajen masoyiyarsa, shi kenan, ba wani abin kunya a ciki ko kaɗan. Waƙar ta yi tafiya arewa maso yammacin Amurka inda Rockin' Robin Roberts da The Wailers na Tacoma suka sake ta a 1961, tasu ce wasu samari a Portland ta jihar Oregon masu suna The Kingsmen suka ji suka kwaikwaya.

A Afrilun 1963 suka shiga situdiyo, kuɗin ɗaukar bai wuce dala 50 ba, kuma sau ɗaya aka ɗauka. Mai waƙar, Jack Ely, shekararsa 19, da ƙarfen gyaran haƙori a bakinsa, makirfon kuma an rataye shi can sama sai da ya miƙe wuya yana ɗaga murya ga ganguna da jita na tashi a kewaye da shi, ga shi baitocin dama da salon Turancin Jamaika Berry ya rubuta su, to ina za a ji abin da yake faɗa. Har kuskure akwai a ciki, bayan jita ta gama nata Ely ya shigo da wuri ya ankara ya tsaya mai ganga ya cike gurbin, aka bar shi haka aka buga, kuma har yau masu maimaita ta da yawa da kuskuren suke yi don sun ɗauka haka waƙar take. Wani mai gabatar da shiri a rediyo a Boston, Arnie Ginsburg, ya sa ta a matsayin faifai mafi muni na mako, masu sauraro suka yi ta bugo waya a sake sa musu, kafin ƙarshen 1963 ta kai ta 2 a jadawalin waƙoƙin Amurka na Billboard.

Daga nan fitinar ta taso. Tunda ba a jin kalmomin sai 'yan makaranta suka riƙa rubuta baitocin batsa a takarda suna miƙa wa juna wai su ne ainihin abin da ake faɗa in ka rage gudun faifan. Iyaye suka gani hankalinsu ya tashi, aka rubuta wa ministan shari'a Robert Kennedy takardar koke, gwamnan Indiana Matthew Welsh ya nemi gidajen rediyon jiharsa su daina sa ta a farkon 1964. FBI suka kwashe watanni suna juya faifan a gudu daban-daban suna yi wa mutane tambayoyi, a ƙarshe suka ce sun kasa tantance abin da ake faɗa, aka rufe maganar ba a gurfanar da kowa ba. Abin da ke damuna a labarin shi ne duk tsawon binciken ba a kira Jack Ely an tambaye shi ba, alhali bakinsa ne ake zargi. Shi a lokacin ma ya bar ƙungiyar, don mai ganga Lynn Easton ya ce shi zai koma waƙa Ely ya koma ganga, Ely bai yarda ba ya yi ficewarsa tun kafin waƙar ta fashe, sai ga muryarsa a ko'ina a rediyo wani kuma na motsa baki a madadinsa a talabijin. Kalma mara kyau guda ɗaya da ke faifan daga bakin Easton ta fito, kusa da daƙiƙa ta 54 da sandar kiɗa ta kuɓuce masa, ita kuma masu binciken ba su kama ta ba.

An sake rera waƙar nan sama da sau 1,000, daga Otis Redding zuwa The Kinks zuwa Toots and the Maytals na Jamaika, har wani gidan rediyon kwaleji a Kalifoniya, KFJC, ya yi awa 63 a 1983 ba ya sa komai sai ita.

TAMBAYA: Malam ni mawaƙi ne mai tasowa, ina kaɗa jita ni da abokina mai ganga, muna son mu sabunta wata tsohuwar waƙa ta wani makaɗin Hausa da ya rasu mu sa a YouTube, to wa ke cin kuɗin irin wannan kuma sai mun nemi izini?
Daga wani matashi a Kano

AMSA: Madalla ƙanena, na ji daɗin da ka tambaya tun kafin ka yi. Bari in fara da can inda zancenmu yake. A Amurka tun 1909 doka ta ce da zarar an fitar da waƙa kasuwa kowa na iya sake rera ta a faifai ba sai marubucin ya yarda ba, amma dole a biya shi wani ƙayyadadden kuɗi kan kowane kwafi, senti 2 ne aka yi ta biya har kusan shekara 70, ya kai senti 9.1 a 2006, senti 12 a 2023, kuma da sharaɗin ba zaka sauya ainihin karin waƙar ko ɗabi'arta ba. Haɗa ta da bidiyo ko fim ko talla kuma wannan izini ne na daban sai mai haƙƙi ya yarda.

To kuɗin yana zuwa ne ga wanda haƙƙin ke hannunsa a takarda, a nan ake cutar mutane. Richard Berry ɗin nan da muka ambata, a ƙarshen shekarun 1950 yana neman kuɗin aure ya sayar wa mai kamfanin Flip Records mafi yawan haƙƙinsa na Louie Louie haɗe da wasu waƙoƙin a kan dala 750. Waƙar ta zagaye duniya, The Sonics ma suka ɗauki wata tasa, Have Love Will Travel, a 1965, shi kuwa zuwa tsakiyar shekarun 1980 yana zaune gidan mahaifiyarsa da tallafin gwamnati yake ci. Sai da wani kamfanin abin sha ya so sa waƙar a talla aka nemo shi, lauyoyi suka shiga ya dawo da wani kaso, a 1992 da aka sayar da haƙƙin ya samu sama da dala miliyan 1, ya rasu a 1997. Su kansu The Kingsmen shekara kusan 30 ba a biya su kason faifansu ba sai da suka je kotu suka yi nasara a 1998. Dolly Parton kuwa da Elvis Presley ya so rera I Will Always Love You manajansa ya ce sai an ba su rabin haƙƙin, ta ƙi duk da abin ya yi mata ciwo, da Whitney Houston ta rera ta a 1992 ta yi mako 14 a saman jadawali kason marubuci gaba ɗaya aljihun Dolly ya shiga.

Kai dai a Kano kake, kar ka dogara da dokar Amurka. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ta ba waƙa kariya har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, ka ga misali Mamman Shata da ya rasu a 1999 waƙoƙinsa na da sauran shekaru masu yawa a hannun magadansa, ballantana Ɗan Maraya Jos da ya rasu a 2015. Cewa da ake yi ai waƙar gargajiya ce ta kowa ce ba hujja ba ce in an san wanda ya yi ta. Ku nemi iyalansa ku je da kanku ku gaisa, ku faɗi abin da kuke son yi, ku yi yarjejeniya a rubuce da shaidu kan kason da za su samu, ku sa sunansa a fili a jikin bidiyon, in da hali ku tuntuɓi lauya ko hukumar kare haƙƙin mallaka ta ƙasa. Kuma in waƙar yabo ce mai sunayen mutane a ciki kuna son cirewa ko sauyawa ku faɗa musu tun farko, kar su ji a waya daga baya. In kuma wata rana wani ya zo sayen taku waƙar gaba ɗaya da kuɗi a hannu, ku ba shi haya na wani lokaci, kar ku sayar.

Ta ɓangaren kiɗan, babbar matsalar da za ku fara cin karo da ita amshi ne, don irin waɗannan waƙoƙin rabinsu a bakin 'yan amshi suke ku kuma ku biyu ne. Kar ku yi saurin cike wajen da muryoyin kwamfuta. Ku gwada barin jitar ta riƙa karɓar amshin, kai ka ja baiti ita ta amsa maka, abokinka kuma ya zauna ya saurari kalangun tsohon faifan sosai kafin ya taɓa gangunansa, don a can nauyin waƙar yake. In kun ɗauka kun samu yardar iyalan ku turo mana ta adireshin mujalla mu saurara.